Ƙwaƙwalwar Jar Mota

Da hantsi janwe ya shigo da jar motar layin kanikawa, gabanta a lotse, fitila ɗaya tana reto a jikin waya. Kafin a sauke ta kowa ya ajiye sifana ya taso.

Babu wanda bai san motar ba. Ƙofa biyu gare ta, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta, in ta yi gurnani sai gilasan shaguna sun amsa. Ta Mai Kemis ce, matashin nan mai shagon magani a bakin kasuwa, wanda ba ya jin daɗin tuƙi sai allurar gudu ta kwanta. Shekaranjiya da safe yana tsakiyar wuce wata tirela a babban titi injin ya ɗauke ɗif, sitiyari ya sandare, ya daki shingen ƙarfe. Ya tsira da karayar hannu da haƙarƙari biyu.

Mai kwamfuta da aka ɗauko daga cikin gari ya jona na'urarsa, ya duba, ya sake dubawa. Sai ya durƙusa wajen ƙafar fasinja ya leƙa wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu biyu ba. Shi ne ƙwaƙwalwar mota, wanda ke ba inji umarnin mai da wuta.

"Wannan ba tata ba ce," in ji shi. "Lambar daban. An cire ta asali an sa ruɓaɓɓiya."

Kawuna suka juya lokaci ɗaya zuwa rumfar ƙarshe, inda 'Yar Waya take tsaye da filaya a hannu. Ita kaɗai ce mace a layin, ita ce kuma ta yi wa motar gyaran fitila mako biyu da suka wuce.

Ciyaman ɗin ƙungiyar kanikawa ya gyara murya. "Zuwa la'asar ɗin gobe. Ko ƙwaƙwalwar ta fito, ko mu miƙa ki ga hukuma mu rufe rumfar. Ba za a ɓata mana suna ba."

Kafin azahar wani ya riga ya cire allon sunan rumfarta ya jingine a bayan bola.

*

Mai Sawu ya iso a ƙafa, yana jan gwiwarsa ta hagu. Dattijo ne siriri wanda ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun da aka sace, daga baya ya shekara ashirin yana gano wa wani kamfanin sufuri kayan da suka ɓace a hanya. Bai iya tuƙi ba, bai kuma iya zama wuri ɗaya ba. Mahaifin 'Yar Waya amininsa ne tun suna yara, shi ya riƙe masa hannu ranar da ya cika.

"Kawu, wallahi ban taɓa ta ba," ta ce tun kafin ya yi sallama. "Fitila na gyara. Fitila a gaba take, ƙwaƙwalwa a ciki."

"Ban tambaye ki ba, 'yata. Kin ci abinci?"

"Ina zan iya?"

"To sha ruwa. Ina motar?"

Ciyaman ya yarda a duba, amma shi ma yana tsaye. Mai Sawu ya kewaya motar sau uku, hannu a baya. Ya duba taya, ya shinshina kujera, kanikawa suna ƙunshe dariya. Wani ya ce, "Baba, wannan fa ba saniya ba ce."

"Na lura," in ji shi. "Saniya ba ta kai mai ita asibiti."

Ya kwanta rigingine a wajen ƙafar fasinja, ƙafafunsa a waje, ya daɗe har Ciyaman ya fara buga ƙafa. Da ya fito sai ya sa mai kwamfuta ya zare akwatin, ya miƙa wa 'Yar Waya.

"Buɗe a gabansu. Me ke damunsa?"

Ta kwance kusoshi huɗu, ta ɗaga faifan da ke ciki zuwa haske, ta bi shi da ido. "Ga shi. Dalma ta tsage a nan. Irin wannan in akwai sanyi sai ta haɗe, mota ta tashi lafiya. Da ta ɗau zafi sai ta buɗe, komai ya mutu."

"Minti nawa?"

"Ashirin. In ta yi ƙoƙari, rabin awa."

"Bayan kin gyara fitila, kwana nawa ya yi yana hawanta?"

"Mako guda ina jin ƙararta tana wucewa."

Mai Sawu ya dubi Ciyaman. Ciyaman ya kau da kai. "Wannan ita ta faɗa. Mai laifi ai ba ya rasa bayani."

"Gaskiya ne. 'Yata, nuna mini wani aikin da kika naɗe da tef."

Ta buɗe bonet ɗin wata tasi da ke rumfarta. Ya sunkuya ya kalli naɗin, ya shafa bakinsa da yatsa. A matse yake, an yanke ƙarshen da reza, sumul. Ya miƙe ya yi gaba.

*

Raɗe-raɗin layi ya kai shi wajen Maigadi, wanda aka gani da sabuwar waya a makon nan. Ya same shi a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa yana wanke kofi.

"Na san abin da ya kawo ka," in ji Maigadi, ya ciro wayar ya dangwarar a kan benci. "Ɗiyata ce ta aiko, mai aikin jinya. Kira ta. Ni ko kunna ta ban gama iyawa ba, jiya hoton hancina na ɗauka sau goma sha ɗaya."

Mai Sawu ya kira. Ɗiyar ta tabbatar, ta kuma ƙara da faɗan da bai nema ba.

"Kwana biyun da motar ta yi a nan, ina ta kwana?"

Maigadi ya waiga hagu da dama. "Motar tsada ba ta kwana a fili. Rumfar Ciyaman ta ciki aka kulle ta. Makulli ɗaya ne, yana aljihunsa."

Da maganar ta koma kunnen Ciyaman, har bakin titi ya biyo Mai Sawu yana huci. "Ni kake zargi? Shekara talatin ina wannan sana'a!"

"Ban zarge ka ba. Na dai ce abin da ya sa ake kallonta, kai ma yana wuyanka. Yaya ka ji?"

Mai Sawu ya tari ɗan acaɓa ya haye.

*

Kasuwar 'yan gwangwan tana bayan tashar manyan motoci, ƙarafa tuli-tuli, ƙofofin mota a jingine kamar littattafai. Shago na huɗu da ya shiga ne ya ga mai shagon ya ɗan daskare da ganin akwatin.

"Ban san shi ba," in ji Mai Gwangwan.

"Amma ka san wannan farin fentin da ke gefensa. Duk kayan shagonka da shi."

Mai Gwangwan ya sosa ƙeya. "To, ni dai ban cuci kowa ba. Na faɗa a fili cewa matacciya ce."

"Wa ka faɗa wa?"

"Wani ɗan acaɓa, ban san shi ba, aiko shi aka yi. Ya zo da takarda an rubuta lambar mota da irin ƙwaƙwalwar. Na ce ina da mai kyau, ina da matacciya. Ya ce ai a takardar ma an rubuta, matacciyar ake so. Na karanta da idona."

"Matacciyar ake so," Mai Sawu ya maimaita.

"Ni ma na yi mamaki. Na ɗauka masu koyon gyara ne. Irin waɗannan tsofaffin motocin tseren, duk wadda ta shiga soket shi ke nan, ba sai an yi mata saiti ba."

"Yaushe?"

"Yau kwana shida."

"Takardar fa?"

"Na naɗe wa wani kusoshi da ita."

Mai Sawu ya fito ya tsaya a rana, ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. Ɓarawon da ya saci ƙwaƙwalwa zai so motar ta tashi ta yi nisa da shi, ta yi wata guda kafin a gane. Wanda ya nemi matacciya ba sata ce a ransa ba. So yake motar ta ƙi tashi. Kuma kwana shida da suka wuce motar ba ta layin kanikawa.

*

Gidan Mai Kemis yana da ɗan fili a gaba da rumfar kwano inda motar ke kwana. Tabon mai yana nan a siminti. Mai Sawu ya same shi a falo, kwance a doguwar kujera, hannu cikin filasta, yana numfashi a hankali saboda haƙarƙari.

"In roƙo ka zo yi wa 'Yar Waya, Baba, kada ka wahalar da kanka," in ji Mai Kemis. "Saura taki ɗaya in shige ƙarƙashin tirela. Na ga tayoyin da idona."

"Allah ya ƙara kiyayewa. Ba roƙo na zo ba. Kwana shida da suka wuce kana ina?"

"Na yi tafiyar saro magani. Kwana huɗu. Na dawo da yamma, washegari da sassafe na fita da ita."

"Ta tashi lafiya?"

"Bugu ɗaya."

"Makullin fa, da ka tafi?"

Ya nuna ƙusa a bayan ƙofa da haɓa. "Nan yake zama. Gidan nan daga ni sai matata sai mahaifina. Ita ko keke ba ta hawa. Shi kuwa ko kallon motar ba ya son yi."

Mai Sawu bai zauna ba duk da an nuna masa kujera sau biyu. Ya je bakin taga, ya dawo. A bango akwai hoton wani saurayi mai kama da Mai Kemis, yana dariya, ya jingina da babur.

"Yayana ne," in ji Mai Kemis. "Shekara bakwai da rasuwa. Hatsari."

Fankar tsaye tana juyawa a kusurwa, tsohuwa ce amma ba ta ƙara. Mai Sawu ya bi wayarta da ido har zuwa soket, inda aka naɗe ta da tef. Sai ya durƙusa, gwiwar tana ƙara, kamar mai gyara takalmi. Ya daɗe a durƙushe.

"Wa ke yi muku gyaran wuta?"

"Babana mana. Shekara arba'in yana gyaran rediyo kafin idonsa ya yi rauni. Ba ya bari a jefar da komai."

Ɗakin tsohon, mahaifin Mai Kemis, yana kusa da ƙofar fita. A buɗe yake. Yana zaune a bakin gado, hannuwa a tsakanin gwiwoyi, kwanon abinci a rufe a gefensa ba a taɓa ba. Rediyoyi uku a kan kanta, duk a kashe.

"Malam, sannu da jiki."

"Ni lafiyata ƙalau. Yaron ne ba lafiya."

"Na gani. Gobe da la'asar za a rufe rumfar yarinyar nan a kai ta wajen hukuma. Marainiya ce, da wannan filayar take ciyar da uwarta."

Tsohon bai ɗago ba.

"Ina so ka zo," in ji Mai Sawu.

"In yi me?"

"Ka zo dai. Ni ba zan kira sunan kowa ba. Amma ba zan bari a tafi da ita ba."

Ya fita.

*

Washegari tun azahar yake kai da komo a bakin layin kanikawa, yana leƙen kowace tasi da ta tsaya. 'Yar Waya ta kawo masa kujera, ya ƙi. Ta kawo shayi, ya huce a kan benci.

"Kawu, ka gano wani abu ko kuwa in haɗa kayana?"

"Kada ki haɗa komai."

"To me ya sa fuskarka haka?"

Ya koma bakin titi yana leƙen tasi.

La'asar ta yi, aka taru a rumfar Ciyaman, jar motar a tsakiya. Maigadi ya zo, Mai Gwangwan ya zo yana gunaguni an raba shi da shago. Tasi ta sauke Mai Kemis, ya fito da ƙyar. Sai ɗaya ƙofar ta buɗe, tsohon ya sauko da wata jakar leda a rungume.

Mai Sawu ya ajiye guntayen waya da tef a kan bonet ɗin wata mota.

"Ni ban san inji ba," ya ce. "Sawu na sani. Ƙafa tana barin nata, hannu ma haka. Wanda ya sauya ƙwaƙwalwar nan sai da ya warware tsohon tef kafin soket ya fita, ya kuma naɗa sabo. Naɗin yana nan a ciki. Kowa ya ɗauki waya ya naɗe mini yadda ya saba."

Aka yi ta ƙorafi, amma aka yi. Ciyaman ya naɗa ya ciza da haƙori. Maigadi ya yi wani dunƙule kamar kan sanda, aka yi dariya. Mai Gwangwan ya fizge nasa ya bar shi da jela. 'Yar Waya ta matse nata ta yanke da reza.

"Mai kwamfuta, haska mana na cikin motar."

Aka haska, aka yi layi ana leƙawa. Naɗi ne mai kyau, kowane zagaye ya hau rabin na baya. A ƙarshe an ninka bakin tef ɗin ciki, an bar ɗan kunne.

"Babu naku a nan," in ji Mai Sawu. "Wannan kunnen ana barinsa ne don a ji sauƙin warwarewa wata rana. Ɓarawo ba ya shirin dawowa. Wanda ya yi wannan yana da niyyar mayar da abin da ya cire. Kuma matacciya ya aika a sayo masa. Mai Gwangwan, haka ne?"

"Haka ne."

"To wa zai so mota ta ƙi tashi, amma ba ya so ta lalace?"

Guntun waya ɗaya ya rage a kan bonet. Mai Sawu bai kalli kowa ba, ƙasa yake kallo.

"Ba sai na naɗa ba," in ji tsohon.

Ya tako a hankali, ya buɗe ledar, ya warware wani tsohon tawul. Akwatin ƙarfe ne, an goge shi tas. Mai kwamfuta ya duba lambar, ya gyaɗa kai.

"Baba?" in ji Mai Kemis.

"Na gwada ta," tsohon ya ce, muryarsa na karyewa. "Wallahi na gwada. Da tsakar rana na sa ta, kwanon rumfa ya yi zafi, na murɗa makulli sau biyar ba ta ko yi tari ba. Na ce shi ke nan. Zai dawo ya ga ta ƙi tashi, ya kai gyara, a yi ta nema, ya gaji ya sayar. In ya sayar in mayar wa mai saye da kayansa. Da na ji ta tashi da safen ranar ina banɗaki. Kafin in fito ka kai titi. Na kira wayarka sau tara."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba kawai?"

"Sau nawa na faɗa maka? Sau nawa? Ka ce Baba tsoro ya yi maka yawa." Ya goge ido da bayan hannu. "Ni na je na ɗauko yayanka a kan titi. Takalminsa ɗaya ban samu ba har yau. Duk ranar da na ji ƙarar motar nan ta fita, ba na iya haɗiyar ruwa sai ta dawo. Na so in hana ta kashe ka, sai ga shi da hannuna na kusa..."

Bai ƙarasa ba.

'Yar Waya ce ta yi magana. "Baba, kwana biyu kana ji ana kirana ɓarauniya."

Tsohon ya juyo gare ta. Ya yi yunƙurin durƙusawa, Mai Sawu ya riƙe shi.

"Na ji, 'yata. Kunya ta hana ni, da tsoron idon ɗana. Ba ni da hujja. Ki yafe mini in za ki iya."

Ta dube shi, filaya a hannunta tana buɗewa tana rufewa. "Uwata ba ta yi barci ba tun jiya," ta ce. "Ita za ka je ka faɗa wa da bakinka. In ta yafe, na yafe."

"Zan je. Yau ɗin nan."

Ciyaman ya yi gyaran murya, ya ce ai dama shi tun farko bai yarda ba, ƙungiya ce ta matsa. Mai Kemis ya ce babu maganar hukuma, ya dubi 'Yar Waya, ya sunkuyar da kai.

Mai kwamfuta ya ce sai an gwada kafin a rufe magana, a tabbatar ta asalin lafiyarta ƙalau. Ya miƙa wa 'Yar Waya akwatin. Ta shiga ta kwanta, ta ja ɗan kunnen nan, tef ya warware ba gardama. Minti biyar ta fito tana goge hannu.

"Tayar."

Mai Kemis ya zura hannun dama ta taga ya murɗa makulli. Injin ya kama da ruri, kwanon rumfa ya ɗauki rawa, wasu kanikawa suka yi tafi ba su sani ba.

Tsohon ya toshe kunnuwansa da tafukan hannu. Ya juya ya nufi ƙofa da sauri irin na wanda ƙafa ba ta ɗaukarsa, yana tuntuɓe da tayoyi.

Mai Kemis ya bi shi da kallo. Ya kashe motar, ya zare makullin ya ajiye a kan rufinta, ya dafe haƙarƙari ya bi bayansa yana ɗingishi.

"Baba. Baba, tsaya mana. Ba na iya sauri."

A bakin ƙofa tsohon ya tsaya. Bai juyo ba, amma ya miƙo hannu baya, ya jira.